Ƙafa da Alƙalami: Tarken Rihlar Ibn Baɗuɗa da ta Ibn Jubair

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da yanke wa tafiya hukunci. Ya ce mabuɗin ilimi ce, ya ce gani ya kori ji, ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Marubutanmu na farko ma a kan wannan hukunci suka tsaya. Alhaji Abubakar Imam ya raɗa wa littafin da ya rubuta game da ziyarar da ya kai Ingila a 1943, tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, suna Tafiya Mabuɗin Ilimi. Malam Aminu Kano kuma ya kira nasa Motsi Ya Fi Zama. A zamaninmu sai aka ƙara wa maganar gishiri. Ana gaya wa matasa cewa duk wanda ya rataya jakarsa ya fita shi kaɗai, ya kuma riƙa rubuta abin da ya same shi a hanya, to zai dawo da faɗin ƙirji da sanin kansa. Maganar tana da daɗin ji, kuma daɗin nan ne ya sa ba a cika tsayawa a nemi hujjarta ba.

Abubuwa biyu aka cusa a buhu ɗaya a nan, wato kaɗaici da rubutu. Ina so in san wanne ne daga cikinsu yake ɗauke da nauyin aikin. Adabin Larabci ya bar mana littattafan tafiya guda biyu, waɗanda ake kira rihla, da suka raba mana waɗannan abubuwa kamar an shirya. Ibn Baɗuɗa ya fita daga gida shi kaɗai, amma bai dawo da kundin da ya rubuta a hanya ba. Ibn Jubair ya fita da abokin tafiya, amma alƙalaminsa bai huta ba tun daga fita har komowa. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, kaɗaici yakan girgiza matafiyi na ɗan lokaci, amma rubutun da aka yi nan take, kafin zuciya ta gyara labarin, shi ne yake hana girgizar ta tafi a banza.

Matafiyan biyu

An haifi Ibn Jubair a Balansiya ta ƙasar Andalus a 1145, ya kuma yi aikin magatakarda a fadar gwamnan Garnaɗa. Ya bar Garnaɗa a watan Fabrairu na 1183 da niyyar aikin Hajji, tare da wani likita abokinsa. Sun shiga jirgin ruwan mutanen Janowa zuwa Iskandariyya, suka bi kogin Nilu zuwa kudu, suka ratsa hamada, suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Bayan Makka da Madina ya bi ta Bagadaza da Mosul da Halab da Dimashƙa, ya shiga jirgi a Akka, jirgin ya fashe a gaɓar tsibirin Sisili, bai kuma taka Garnaɗa ba sai a watan Afrilu na 1185. Littafinsa a jere yake wata bi wata. Kusan kowane babi da tsayuwar sabon wata yake farawa, sannan abin da ya faru a cikinsa ya biyo baya da kwanakinsa.

Ibn Baɗuɗa kuwa a Tanja ta ƙasar Maroko aka haife shi a 1304. Ya bar gida a 1325 yana da shekara 21, ba ayari, ba abokin hira, iyayensa duka biyu suna raye. Hajjin da ya fita yi ya zame masa yawon kusan shekara 29, wanda aka ƙiyasta tsawonsa da kimanin kilomita 120,000. Ya taka Misra da Sham da Farisa da gaɓar Afirka ta Gabas da Indiya, ya ba da labarin ƙasar Sin, daga ƙarshe ya ƙetare Sahara zuwa daular Mali. Ya iso har Takedda, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir da Barno a cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfen garin. Da ya koma Fas a 1354, Sarki Abu Inan ya umarci wani matashin marubuci ɗan Andalus, Ibn Juzayyi, ya zauna da shi ya rubuta abin da zai faɗa. Saboda haka littafin da muke karantawa hira ce ta mutum ɗan shekara 50 da yake tuno ƙuruciyarsa, ta bi ta hannun wani kafin ta iso gare mu.

Inda kaɗaici ya yi aikinsa

Zalunci ne a ce kaɗaici bai taɓa Ibn Baɗuɗa ba. A ganina, wurare mafi rai a littafinsa su ne inda ya rasa kowa. A farkon tafiyarsa zazzaɓi ya kama shi a hanyar Tunis, har ya ɗaure kansa a jikin sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo. Da suka isa bakin gari, mutane suka fito tarbar 'yan uwansu da ke cikin matafiyan, ana ta gaisuwa ta ko'ina, shi ko ba wanda ya ce masa sannu. Sai hawaye suka ƙwace masa, har wani mahajjaci ya lura ya zo yana lallashinsa. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar garin da bai san kowa ba ya san wannan kuka. Ba ado a cikin labarin, kuma rashin adon ne ƙarfinsa.

Wuri na biyu a Indiya ne. Sarkin Delhi, Muhammad ibn Tugluƙ, ya naɗa shi alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara, daga baya ya aike shi jakada zuwa Sin. Ba su yi nisa ba aka far musu kusa da garin Koil. Aka kama shi, aka tuɓe masa kayansa, ya samu ya tsira da ransa, ya yi kwanaki yana gararamba a ƙauyuka da kufai, ga yunwa ga ƙishirwa. Da ya tarar da rijiya ba guga, takalminsa ya ɗaura wa igiya ya ɗebi ruwa. A nan mai karatu yakan ga mutumin da ba alkyabba, ba muƙami, ba takardar sarki, kuma a nan ne ake sa ran jin wani sabon abu daga bakinsa game da kansa.

Sai dai abin bai zo ba. Da aka cece shi, aka ba shi sababbin tufafi, sai jakada ya koma jakada, labari ya zarce da lissafin kyaututtuka da dawaki da bayi. Haka ma ya faru kafin wannan. Lokacin da sarkin Delhi ya yi fushi da shi saboda ya ziyarci wani shaihi da ake tuhuma, ya rabar da dukiyarsa ya tare wurin wani mai gudun duniya har wata biyar. Sarki na kiransa da tayin jakadanci, zuhudu ya ƙare. Ban ga laifin mutum don ya karɓi aiki ba. Abin da nake tuhuma shi ne littafin, domin bai nuna mana wata gwagwarmaya da aka yi a zuci tsakanin kogon shaihi da fadar sarki ba. An shiga, an fita, kamar mai canza riga.

Hujja mafi nauyi tana ƙarshen tafiyar. A 1352 ya isa Walata, ƙofar daular Mali ta arewa, yana da shekara 48, bayan ya ci abincin Turkawa da na Indiyawa da na mutanen tsibiran Maldif. Aka karrama baƙi da dakakken gero da aka dama da zuma da madara a cikin ƙwarya, abin da duk Bahaushe zai gane ɗan uwan fura ne. Wannan karamci sai ya zame masa abin raini, har ya yanke cewa ba wani alheri da za a samu a wurin waɗannan mutane, ya yi tunanin juyawa. Da ya isa babban birni, Mansa Sulaiman ya aiko masa da gurasa uku da yankin soyayyen naman sa da ƙwaryar nono, ya yi dariya, ya kira sarkin marowaci. Gaskiya ne ya yaba wa mutanen Mali a kan tsaron hanya da ƙin zalunci da kula da salla da haddar Alƙur'ani, kuma wannan yabo yana cikin abubuwa masu daraja da littafin ya adana mana. Amma ma'aunin da yake auna sarakuna bai canza ba tun daga Delhi, wato nawa suka ba shi. A Maldif ma, inda ya yi alƙalanci, ya yi ta fama ya canza suturar matan ƙasar bai ci nasara ba, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya fi kowa yawo a zamaninsa ya hango tudun kowa, ya dawo bai duba ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Abin da mantuwa ta ci

Me ya sa haka? Wani ɓangare halin mutumin ne, wannan ba musu. Amma wani ɓangare yana cikin yadda aka samar da littafin. Shi da kansa ya faɗa cewa ya kwafi rubuce-rubucen da ke kan kaburburan malaman Bukhara, amma suka salwanta tare da sauran kayansa lokacin da 'yan fashin teku suka tare shi a gaɓar Indiya. Ke nan ko da ya taɓa riƙe wasu takardu, bai iso Fas da su duka ba. Abin da ya rage masa shi ne tunani, shi kuwa tunani ba amintaccen ma'aji ba ne. Yakan riƙe abin da ya yi wa mai shi daɗi, ya goge abin da ya ba shi kunya, ya kuma jera abubuwa yadda za su dace da mutumin da ake a yau.

Alamun haka a bayyane suke. Ya ce ya halarci wa'azin Ibn Taimiyya a Dimashƙa, alhali masu tarihi sun rubuta cewa an tsare malamin a watan Sha'aban na shekarar 726 ta Hijira, shi kuwa ta bakinsa a watan Ramadan ya shigo garin. Masana da yawa suna shakkar zuwansa Bulgar da ke kan kogin Bolga. Ibn Khaldun ya ba da labari a Muƙaddima cewa mutanen fadar Fas sun riƙa raɗe-raɗin ƙarya yake yi, ko da yake wani waziri ya gargaɗe shi da kada ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganin irinsa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne, da aka zo siffanta Dimashƙa da Makka da Madina da Bagadaza, sai aka ɗebo daga littafin Ibn Jubair, wani wuri a ambaci sunansa, wani wuri a yi shiru. Wanda ya yi yawon shekara 29 ya ari idon wanda ya yi na shekara biyu da 'yan watanni, don kawai wannan ya rubuta, shi bai rubuta ba.

Ɓatan kwanan wata ƙaramar asara ce. Babbar asarar ita ce ɓatan mutumin da ya rayu a waɗannan kwanaki. A 1348, ana tsakiyar annobar da ta share al'ummomi, ya komo Dimashƙa, aka gaya masa ɗan da ya bari a can ya rasu shekara 12 da suka wuce, mahaifinsa kuma shekara 15. Kafin ya isa gida ya sami labarin annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Waɗannan rashe-rashe uku ba su ci fiye da 'yan layuka ba a littafin da ya ba da shafuka ga bukukuwan fada. Ban yarda cewa bai ji zafi ba. Na fi karkata ga cewa zafin ya riga ya huce kafin a zo rubutu, kuma ba a fadar sarki, gaban magatakarda, ake tono irin wannan ba.

Alƙalamin da ya ƙi rufa wa mai shi asiri

Ibn Jubair bai fi Ibn Baɗuɗa sassaucin ra'ayi ba, ya ma fi shi tsauri. Yana ganin Musuluncin ƙwarai a Magrib yake, ƙarƙashin sarakunansa na Muwahhidun, kuma da wuya ya ambaci garin da ke hannun Faranjawa, wato Turawan yaƙin Salibiyya, bai bi shi da addu'ar halaka ba. Da a ce bayan shekara 30 ya zauna ya ba da labarin tafiyarsa, ina kyautata zaton da mun sami littafi mai santsi, mutanen kirki a gefe ɗaya, miyagu a ɗaya gefen. Kundin da yake rubutawa a hanya ne ya hana shi wannan sauƙi.

Tun a Iskandariyya, ƙasar Salahuddin da yake matuƙar ƙauna, ya rubuta yadda ma'aikatan kwastan suka wulaƙanta mahajjata, suka zazzage kayansu, suka karɓi zakka ba tare da tambayar ko dukiyar ta shekara ba. Ya nema wa sarkin uzuri cewa bai sani ba, amma bai goge abin da ya gani ba. A Hijaz ya rubuta yadda sarkin Makka ya mai da alhazai saniyar tatsa. Da ya bar Dimashƙa a 1184 ya lura da abin da ya ɗaure masa kai, wato rundunoni suna yaƙi, amma ayarin fatake na shiga ƙasar Faranjawa suna fita lafiya, kowa na biyan harajinsa.

Sai ya iso yankin Tibnin a hanyar Akka. A nan ya tarar da manoma Musulmi a ƙarƙashin Faranjawa suna ba da rabin amfanin gona da harajin kai na dinari ɗaya da ƙiraɗi biyar, an bar musu gidajensu da dukiyarsu, kuma suna ganin sun fi 'yan uwansu da ke ƙarƙashin masu gonaki Musulmi jin daɗi. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai, ya kira shi fitina, ya nemi tsari da shi. Amma ya rubuta. Da jirginsu ya fashe a Mesina, masu ƙananan jirage suka tsawwala kuɗin fito, talakawan Musulmi suka tsaya cirko-cirko a kan jirgin da ke shirin wargajewa. Sarkin Sisili, Wiliyam na Biyu, Kirista, shi ya biya musu. Ibn Jubair ya rubuta wannan, ya kuma amsa cewa kasancewar sarkin a wurin ce ta tsare su daga wawaso da bauta.

Bai kuma bar wannan alheri ya rufe masa ido ba. A garin Tarabani na tsibirin ya ji yadda Musulmi ke zaune a tsorace, har uba na lallaɓa ɗansa don gudun kada ya yi fushi ya shige coci. Ya ba da labarin wani dattijo da ya roƙi ɗaya daga cikin mahajjatan ya auri 'yarsa budurwa, ko ya aurar da ita, in dai zai fitar da ita zuwa ƙasar Musulmi, yarinyar kuma ta yarda ta rabu da iyayenta saboda addininta. Sarki mai ceton talakawa da ƙasar da uba ke rabuwa da 'yarsa don tsoro, duka biyun suna cikin littafi ɗaya, 'yan shafuka ne tsakaninsu, ba wanda ya soke wani.

Ibn Jubair bai canza aƙidarsa ba, hukuncinsa na ƙarshe ma shi ne Musulmi ba shi da uzurin zama a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Amma ni a wurina girman mutum ba ya nufin ya watsar da abin da ya yi imani da shi. Alamarsa ita ce mutum ya iya ɗaukar gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba, ya ajiye ta kusa da imaninsa, ya jure zaman su tare. Wanda ya bar Garnaɗa ya san abokin gaba da suna ne kawai. Wanda ya dawo ya san cewa abokin gaba yana iya yin adalci, ɗan uwa kuma yana iya yin zalunci, kuma akwai shaidar hakan da rubutun hannunsa.

Sukar da za a iya yi wa wannan ra'ayi

Mai karatu na iya cewa na ɗora wa mutanen da ma'aunin yau. Rihla ba don tona zuci aka ƙirƙire ta ba. An yi ta ne don a siffanta garuruwa da malamai da wuraren ziyara da abubuwan al'ajabi, sunan littafin Ibn Baɗuɗa ma kyauta ce ga masu sha'awar abubuwan mamaki na birane da tafiye-tafiye. Wannan suka tana da ƙarfi, na kuma karɓi rabinta. Ba na neman ɗayansu ya zauna yana warware mana damuwarsa irin ta marubutan zamani. Amma ai Ibn Jubair ma a cikin wannan al'ada ya yi rubutu, bai kuma yi niyyar nuna mana zuciyarsa ba. Tsarin rubutun ne ya tona shi. Wanda yake rubutu a watan da abu ya faru bai san abin da wata mai zuwa zai kawo ba, don haka ba shi da damar daidaita labarin.

Ana iya kuma cewa littafin Ibn Baɗuɗa ya fi daɗin karatu, ya fi faɗi, kuma ba don shi ba da mun rasa abubuwa da yawa game da Mali da Maldif da Delhi na ƙarni na 14. Wannan gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Duniya ta ƙaru da tafiyarsa fiye da yadda ta ƙaru da ta Ibn Jubair. Sai dai tambayar wannan maƙala ita ce me matafiyin da kansa ya ƙaru da shi, kuma a nan littafin ya bar mu da ƙaramar shaida.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu, mu da muka fito daga jami'a a 'yan shekarun nan. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, yakan ɗauki ɗan Katsina ya jefa shi Kalaba, ya ɗauki 'yar Inugu ya kai ta Sakkwato, kowa shi kaɗai, bisa fatan cewa gani zai kori ji. Wasu sukan dawo da sabon ido. Wasu kuwa sukan dawo da hotuna cike da waya da kuma ra'ayin da suka tafi da shi, sai dai yanzu sun sami ikon cewa ai mun je mun gani. Wannan ya fi jahilcin farko haɗari, domin ya sami rigar shaida. Hoto ba ya maye gurbin kundi, saboda hoto don idon mutane ake ɗaukarsa, kamar yadda Ibn Baɗuɗa ya yi hirarsa don kunnen sarki.

Kundin da yake amfani shi ne wanda aka rubuta a daren da abin ya faru, ba don kowa ba, aka sa kwanan wata, aka kuma bar shi yadda yake. A ciki ne mutum zai tarar da ranar da wanda aka koya masa ya ƙi ya yi masa alheri, da ranar da nasa ya cuce shi, da ranar da shi kansa ya raina ƙwaryar da aka miƙo masa da hannu biyu. Tafiya mabuɗi ce kamar yadda magabata suka faɗa, amma mabuɗi ba ya shigar da kowa ɗaki. Ibn Jubair ya rasu a Iskandariyya a 1217, shekara 87 kafin a haifi Ibn Baɗuɗa, amma da aka zo rubuta tafiya mafi tsawo ta wancan zamani, kundinsa aka buɗe don a ga yadda Makka take.